In Fansho Ya Fito, Tasha Ta Cika

In kana son sanin ko fansho ya fito a Matamaye, kada ka wahalar da kanka da tambaya. Leƙa tasha da sassafe. In ka ga furfura ta yi layi a gaban kowace hayis, ɗan kamasho yana ta rantse wa mutum uku cewa kujerar gaba tasu ce, to kuɗi sun shigo. Mutum ya shekara talatin ba ya barin gari sai an sa masa hannu a takarda, yau ga shi ba mai tambayarsa, ga 'ya'ya da jikoki a warwatse daga Damagaram har Yamai, daga Daura har Kano. A Amurka tsoho in ya ajiye aiki yakan sayi wata doguwar mota mai gado da murhu da makewayi a ciki, ya ɗauki tsohuwarsa su tafi kallon duwatsu da tafkuna. Namu ba ya fita don dutse. Dutse jika ya haifa masa? Namu in ya ɗaura kaya wurin mutum za shi, mutumin nan kuwa sau da yawa ni ne ko kai. Na sauke su, na raka su tasha, na tura musu mota, saboda haka ina da bakin magana.

Mu fara da Mushe, tsohon daraktan lakwal, don ko ba mu fara da shi ba zai ɗaga hannu ya ce an yi kuskure. Guzurinsa littafi ne da jan bik. Ƙarfe nawa aka tashi, ƙarfe nawa aka wuce Kance, minti nawa direba ya ɓata a Takeita yana shan shayi, duk a rubuce suke. In ya sauka gidan ɗansa, kafin ya sha ruwan baƙo zai ce, "Ina yaran? Kowa ya kawo jakarsa." Yara kuwa sun san kwanan zancen, tun da suka ji muryarsa a zaure suka haure katanga. Wanda ƙafa ta ci amanarsa zai tsaya hannu a baya, kaka yana gyara masa rubutu, yana gyara har gyaran da malaminsa ya yi. Kano ce kaɗai ke karya masa lago. Jikokin can Ingilishi suke karantawa, ba Faransanci ba, sannan ranar da wani tsohon ɗalibinsa ya hango shi a Kantin Kwari ya ƙwala masa kira, "Mushe! Mushe!", rabin layin sai da suka waiga suna neman inda jakin ya mutu. Tun daga ranar, da ya ƙetara Ɗan Barto sunansa Malam. Amma bai saki jikokin ba, sai ya koma kan lissafi, ya ce shi ba shi da iyakar ƙasa.

Wanda ya fi kusa da tsohon Amurka shi ne tsohon duwan, wato ma'aikacin kwastan, mai Peugeot 504 da ya saya tun kafin a karya darajar sefa a 1994. Motar nan ba mota ba ce, gida ce da aka sa wa ƙafa. A kanta akwai katifa a nannaɗe, tabarma biyu, buhun gero, da damin rake na tsaraba, don ɗan Matamaye ba ya zuwa gidan mutane ba rake. A but akwai tukunya, murhun gawayi, butar shayi, gidan sauro, jarka biyu, ɗaya ta ruwa ɗaya ta ruwa-ruwa, wato fetur ɗin sumoga, kuma Allah ya kiyaye ranar da aka yi alwala da ba ita ba. A kujerar baya akwai uwargida, da rago a tsakanin ƙafafunta, da jika guda da aka ɗauko wai don ya ga gari, alhali turi aka ɗauko shi yi. Ƙofar direba ba ta buɗuwa sai ta waje, ta uwargida kuwa da igiya ake ɗaure ta.

Ba ya sauri, kuma ba ya wuce gari. Kowane ƙauye akwai wanda ya taɓa yi wa alheri, ko wanda ya taɓa kama wa kaya, kuma a wurinsa duk zumunci ne. Tafiyar da hayis ke yi kafin azahar, shi sai ya kwana a hanya, a ɗaure gidan sauro a jikin mota da itace, a hura gawayi, ya yi ta yabon iskar daji yana tari. Abin kallo kuwa sai an iso shinge. Nan zai gyara hula, ya rage tafiya, ya jira a sara masa. Yaron da ke tsaye ba a haife shi ba lokacin da Baba ke riƙe da wurin.

"Baba, takardun mota."

"Kai yaro, wa ke shugabancin nan yanzu? Ka ce masa ni ne."

"Ranka ya daɗe, wa zan ce?"

Abin da ya fi yi masa ciwo ke nan, ba takardun ba. Daga nan sai ya fito ya buɗe but da kansa, ya nuna wa yaron inda ya kamata ya bincika da bai bincika ba, ya koya masa yadda ake ƙwanƙwasa ƙofar mota a ji ko an cusa atamfa a ciki. Wanda ya shekara talatin yana kama ruwa-ruwa, ga jarkarsa a fili, amma yaro ya riga ya gaji, sai ya ɗaga sanda. Sai dai mota ta mutu tun ɗazu. A nan jika ke gane dalilin zuwansa, yaron shinge ma sai ya ajiye sandarsa ya sa hannu.

Akwai kuma mai bin sanarwa. Rediyonsa a kunne, ba don labaran duniya ba, don jin wa ya rasu, wa ya haihu, wa zai aurar. Kafin mai sanarwa ya rufe baki ya riga ya gano dangantaka: kakar mamacin da kishiyar gwaggonsa nono ɗaya suka sha a Dungu. Litinin yana Magarya sadakar uku, Laraba yana Yawuri suna, Asabar ɗaurin aure a Tsawni. Ba na yi masa dariya sosai, don ranar da aka yi mana rashi shi ya riga kowa shimfiɗa tabarma, shi ya bar ta a ƙarshe. Sai dai iyalinsa sun ce rabon da ya ci tuwon gidansa sau uku a jere tun yana aiki.

Sai mai jirgin ƙasa. Wannan kam kowace fada tana da nata. Sau ɗaya ya hau, tun naira na sabuwa, daga Kano zuwa Ikko, lokacin yana ma'aikacin gyaɗa, amma tafiyar ba ta ƙare ba har yau. Ka ba shi kofin shayi na farko yana Zariya, na biyu yana Kaduna, in ana zuba na uku jirgi ya hau gadar Jebba, sai ya yi shiru, ya runtse ido, ya ce ruwan Kwara ne hagu da dama har ƙarshen gani, kwale-kwale kamar ɓawon gyaɗa. Ya san abin da ake sayarwa ta taga a kowace tasha, ya san inda ƙasa ta daina zama ja da fili ta koma kurmi. Ba mai katse shi, don galibin masu sauraro ba su taɓa ganin jirgin ƙasa yana tafiya ba sai a waya.

Kuma yana da ƙorafi, ƙorafin nan kuwa da hujja. Dogo ya iso Kano tun 1911, ya kai Nguru a 1930, gyaɗar ƙasar Damagaram ta sha hawa jirgi a Kano, amma masu noman ta ba a kawo musu ko taku ɗaya ba. Da aka buɗe tashar jirgi a Yamai a 2014, aka shimfiɗa dogo wajen kilomita 140 zuwa Doso, ya ɗinka sabuwar riga. Rigar ta koɗe, jirgin fasinja bai fara jigila ba. Yanzu zuciyarsa tana kan layin Kano zuwa Maraɗi da aka aza harsashinsa a Fabrairun 2021, kilomita 284, ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya. Daura kuwa ga ta nan bayan iyaka. Ya riga ya tsara: zai hau mota zuwa Daura, ya shiga jirgi zuwa Maraɗi, ya dawo Matamaye a mota. Da na ce masa, "Kawu, ai ba ka da kowa a Maraɗi," sai ya dube ni kamar na zagi iyayensa. Shi kaɗai ne a cikinsu da zai fita don hanya kawai.

Abokin gabarsa shi ne Alhajin da ya hau jirgin Makka zuwa Madina, wanda aka buɗe a 2018, mai cinye kilomita 450 cikin abin da bai kai awa uku ba. In ya fara ba da labarin sanyi da kujeru, Kawu sai ya tsuke baki ya ce, "Taga tana buɗuwa? An miƙo maka dafaffen ƙwai? To kai ba jirgi ka hau ba, aike aka yi da kai."

Mata ba su cika surutu a tasha ba, amma su ke da rabin kayan da ke kan mota. Hajiya tsohuwar ungozomar asibiti, da ta ji 'yarta ta sauka a Yamai, sai ta haɗa kuka, daddawa, kanwa, gero surfaffe da busasshiyar kuɓewa, kamar can ba a cin abinci. Za ta kwana Damagaram ta kama babbar mota kafin asuba, ta yi kusan kilomita 900 a zaune, ta ƙara kilishi a hanya, ta ƙara buhun albasa a Galmi. Da isarta mulki ya canza hannu. Mai jego ta shiga wanka da kunun kanwa na kwana arba'in, surukin da ke ba da umarni a ofis ya koma cin abinci a zaure yana magana ƙasa-ƙasa. Takardar maganin da likita ya rubuta ma sai ta sa tabarau ta duba, ta ce yaran yanzu ba su da laifi, suna ƙoƙari.

An ce baƙo raɓa ne. Wanda ya faɗi haka bai sauke mai "gobe zan koma" ba. Wani baffanmu ya je suna gidan ƙanena a Kano a watan Agustan 2019, da riga biyu a leda. Kwana uku ya ce. Ana cikin haka Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa. Mutane ba su fasa kai da komo ba, kabu-kabu na ratsa gonaki safe da yamma, amma Baffa ya ce shi tsohon ma'aikacin gwamnati ne, bai taɓa karya doka ba, ba kuma zai fara da tsufansa ba. Ya samu wuri a sahun gaba a masallacin unguwa, ya sasanta aure biyu, aka fara kawo masa ƙarar yara. Da ya tashi dawowa, 'yan unguwar sun fi masu gidan jimami. Matar ƙanena kuwa har tasha ta raka shi, ta biya kuɗin mota, ba ta motsa ba sai da ta ga ƙurar motar ta kwanta.

Na bar maƙwabcina a ƙarshe don shi kullum yana nan. Duk wata in fansho ya fito zai zagaya unguwa yana sallama: jibi za shi Yamai wurin babban ɗansa, mai saƙo ya kawo. A kawo wasiƙa, a kawo ƙullin yaji, a kawo lambar waya. Ranar tafiya ya sa babbar riga, yaro ya ɗaukar masa jaka zuwa tasha. Can zai zauna a bencin mai shayi, ya tambayi kowane direba lafiyar hanya, ya ji an ce an yi ruwa wajen Tasawa, ko taya ta fashe wa wata mota bayan Konni, ya girgiza kai. Kafin la'asar ya rarraba guzurin, shi da 'yan kamasho sun cinye. Jiya na gamu da shi yana dawowa, yaro na biye da jaka.

"Baba, har an dawo?"

"Hanya ba ta yi ba, ɗana. Sai wata mai kamawa. Yajin nan na innarka kuwa, ka ce mata mun taɓa kaɗan, ta ƙaro."