Yadda Za Ka Ratsa Unguwar Karnukan Turanci Ba Tare da an Cije Ka Ba

Duk wanda ya ɗaura niyyar koyon Turanci, to ya shirya gamuwa da karnuka. Suna cikin abinci, suna majalisa, suna filin ƙwallo, suna sararin samaniya, har fiƙoƙin nan huɗu da ke bakinka Bature ya laƙaba musu sunan kare. Abin da ke rikita ɗalibi shi ne, Bature yana iya kiranka kare da safe don ya yabe ka, ya sake kiranka kare da yamma don ya ci mutuncinka, fuskarsa kuwa ba za ta nuna maka bambanci ba. Ga shawarwari nan domin mai tafiya ƙaro ilimi, da ɗan kasuwa, da mai bin sharhin ƙwallo, don kada a tsuke fuska inda ya kamata a yi godiya, ko a washe baki inda ya kamata a tashi a bar wurin.

Shawara ta 1: Ka san gidan kafin ka yi sallama

Kalmomi biyu ne ke riƙe da gidan, “dog” da “hound”. Ta biyun ita ce 'yar gida, domin tsohon Turanci da “hund” yake kiran kowane kare, kamar yadda Jamusawa ke yi har yau. Ita “dog” baƙuwa ce da ta ɓullo a rubuce kimanin shekara dubu da suka wuce, ta yi ta mamaye ɗakuna har ta tura “hound” can bayan gida, inda ta koma sunan karen farauta kawai. Masana harshe har yanzu ba su gano daga inda baƙuwar ta fito ba. Saboda haka duk ranar da malamin Turanci ya matsa maka da tambayoyi, ka ɗaga hannu cikin ladabi ka ce, “Malam, mene ne asalin dog?” Za ka samu hutu har a kaɗa ƙararrawa.

Sirrin gidan kuwa shi ne, harshen yana ɗauke da zamani biyu. Akwai tsohon zamani, lokacin da kare ke yawo a kwararo yana shan jifa, daga nan yawancin zagi da kalaman wahala suka fito. Sai kuma zamanin da kare ya shiga falo. A 1873 aka kafa ƙungiyar masu kiwon karnuka ta Ingila, a 1891 aka fara gasar baje kolin karnuka ta Crufts. A Amurka kuwa, a 1870, wani lauya mai suna George Vest ya tsaya gaban kotu a garin Warrensburg na jihar Misuri, ya yi ta zuba kirari ga amanar kare, a shari'ar wani kare mai suna Old Drum da maƙwabci ya sa aka harbe. Mai karen ya ci shari'a, yau kuma gunkin karen na tsaye a harabar kotun garin. Aikinka kullum shi ne ka gane daga wane zamani karen da ke gabanka ya fito.

Shawara ta 2: Kada ka gudu daga teburin abinci

Idan mai masaukinka ya ce zai saya maka “hot dog”, kada ka fara salati kana neman takalmi. Babu kare a ciki, mai zafi ko mai sanyi. Niƙaƙƙen nama ne da aka dura ya yi tsawo, aka kwantar da shi a tsakiyar burodi, abincin da baƙi Jamusawa suka kai Amurka a ƙarni na 19. Tambayar da ta kamace ka daban ce: naman me aka niƙa? Sau da yawa akwai alade a ciki. Mutane da dama sun ɓata lokaci suna tsoron karen da babu, suka manta da aladen da ke akwai. In kuma an gayyace ka gasar cinsa da ake yi kowace ranar 4 ga Yuli a Coney Island na birnin Niyok, ka tsaya a 'yan kallo, domin a 2021 Joey Chestnut ya haɗiye guda 76 cikin minti 10.

Bayan an gama cin abinci, ma'aikacin gidan zai iya tambayarka ko kana son “doggy bag”. Kada ka ce masa ba ka kiwon kare. Shi ma ya sani. Ragowar abincinka zai ƙunsa maka ka tafi da ita gida, an jingina ta ga kare ne don a rufa maka asiri. Ka karɓa da hannu biyu, gobe da safe ka ɗumama. Amma idan shugabanka a ofis ya dubi rahoton da ka kwana kana rubutawa ya ce “dog's breakfast” ne, to a nan babu abin ɗumamawa. Cewa ya yi ka jagwalgwala aikin.

Shawara ta 3: Ka koyi yin godiya idan an kira ka kare

Nan ne jinin Bahaushe ke saurin hawa, domin a wurinmu in an ce da mutum kare, sai dai a zo rabon faɗa. To ka danne zuciya ka saurari abin da aka haɗa da shi.

“Top dog” shi ne mai faɗa a ji, wanda ya fi kowa a fagen. “Underdog” kuwa shi ne wanda kowa ya yanke wa ƙauna tun kafin a fara. Dukansu daga faɗan karnuka suka samo asali, na sama da na ƙasa, amma Bature ya fi tausayin na ƙasan, shi yake tafa wa. Senegal ta shiga wasan buɗe gasar kofin duniya na 2002 a wannan matsayi, ta lallasa Faransa mai riƙe da kofi da ci ɗaya mai ban haushi. Haka Leicester City a kakar da ta ƙare a 2016, lokacin da masu caca suka ce duk wanda ya zuba fam 1 a kan za ta ɗauki kofin Firimiya zai kwashi fam 5,000, sai ga shi ta ɗauka, kafin Ahmed Musa ya koma can a wannan shekarar. In mai sharhi ya kira ƙungiyarka da wannan suna, ba zaginta ya yi ba, yana shirya mata kirari ne in ta yi abin mamaki.

Idan jarida ta ce kai mutum ne “dogged”, ka yanke shafin ka adana. Tana nufin kana da naci da jajircewa, in ka kama abu ba ka saki. “Watchdog” kuma lambar girma ce ta 'yan jarida da hukumomin da ke sa ido a kan dukiyar jama'a, masu yin haushi in ɓarawo ya tsallako katanga. Saurayi Ba'amurke kuwa in ya rungume ka ya ce “my dawg”, aboki yake nufi. Ka amsa masa da fara'a, ka bar zancen a nan.

Shawara ta 4: Ka san inda ake cizo

“Lapdog” ɗan ƙaramin kare ne da ake ɗorawa a cinya ana shafawa. In an kira ɗan siyasa ko ɗan jarida da shi, an ce masa ɗan amshin Shata ke nan. Haka “poodle”, karen nan mai gashi a nannaɗe. Lokacin yaƙin Iraƙi na 2003 jaridun Ingila sun yi ta kiran Firayim Minista Tony Blair da wannan suna, suna nufin duk inda George Bush ya nufa yana biye. Shi karen an zalunce shi, domin asalinsa mafarauci ne mai faɗawa ruwa ya ɗauko agwagwar da aka harbo, sunansa ma daga kalmar Jamusanci ta facal-facal cikin ruwa ya fito. “Attack dog” ba sai an yi maka bayani ba, karen farautar 'yan siyasa ne, muna da su jibge. “Cur” da “mongrel” na karen da ba a san asalinsa ba ne, kada ka kusanci mutum da su.

Sai babbar, wadda ta fi kowace dafi, wato “bitch”. A ƙamus ma'anarta karya, macen kare, kuma likitocin dabbobi da masu kiwo suna faɗinta ba tare da ƙifta ido ba. A wajen wannan da'ira zagi ne mai muni ga mace. In magana ta kama, ka ce “female dog” ka wuce lafiya. Hatsarin da ya fi kusa da kai ma a lafazi yake, domin kalmar bakin teku, “beach”, wasali ɗaya ne ya raba su. Mu da muke bambance gari na zama da garin tuwo ta hanyar jan wasali ba mu da uzuri. In za ka gaya wa matar maigidanka cewa ka je bakin teku, ka ja wasalin nan, ka ƙara ja, har sai numfashinka ya kusa ƙarewa.

Shawara ta 5: Ka riƙe na zaman aure da zaman jama'a

Abokin aikinka zai zo da safe idanu jajur ya ce yana “in the doghouse”. Kada ka tafi neman masa gidan haya. Uwargida ce ta yi fushi da shi, mai yiwuwa ya manta ranar haihuwarta. Ka ba shi haƙuri, ka nuna masa shagon turare. In ya ce a ƙyale kare mai barci ya yi barcinsa, “let sleeping dogs lie”, to a bar kaza cikin gashinta yake nufi. In ya ce haushin maigida ya fi cizonsa, albishir ne, mutumin faɗa ne da shi a baki amma cikinsa fari ne.

“Barking up the wrong tree” daga mafarautan Amurka ya fito, inda kare ke tsayawa gindin bishiya yana ta haushi alhali dabbar ta daɗe da tsallakawa wata. An bar jaki ana dukan taiki ke nan. Sai dai ka lura, “bark” haushi ne kuma ɓawon itace ne, don haka a jimlar da ta haɗa kare da bishiya sai ka buɗe ido. “Dog in the manger” kuwa tsohuwar tatsuniyar Girkawa ce ta karen da ya kwanta a kan harawa, shi bai ci ba, ya hana shanu ci. Kowace ma'aikata tana da irinsa guda, yanzu ka san sunansa.

Shawara ta 6: Kada ka yarda da takardar shaidar ɗan ƙasa ta kare

Sunayen jinsin karnuka sun iya ɓad da sawu. “Great Dane” sunan Danmak yake ɗauke da shi, amma Bajamushe ne. “Labrador” daga tsibirin Newfoundland na Kanada kakanninsa suka fito. Karen nan na 'yan sanda da masu kuɗin garuruwanmu ke kira “Alsatian” shi ma Bajamushe ne, makiyayin tumaki. Bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya Turawan Ingila suka ƙi jinin duk abin da ke da sunan Jamus, sai suka jingina shi ga yankin Alsas na Faransa da ke kan iyakar Jamus, ba su mayar masa da sunansa ba sai 1977. Mai faɗin gaskiya a cikinsu shi ne namu, “Azawakh”, siririn karen Buzaye mai dogayen ƙafafu, wanda ya ci sunan kwarin Azawak da ke tsakanin Nijar da Mali.

Har kanarin da ke rera waƙa a keji a ƙofar gidanku bai tsira ba. Sunansa daga tsibiran Kanari ya fito, waɗanda ke gaɓar Maroko a ƙarƙashin mulkin Sifen, su kuma marubucin Rumawa Pliny ya ce an sa musu suna ne saboda manyan karnukan da aka tarar a can. Daga kalmar Latin ta kare, “canis”, aka samu “canine”, wadda 'yan sanda suka taƙaita zuwa K-9 a jikin motar karnukansu.

Shawara ta 7: In an ce ka dubi sama, ka tafi da lema

“Raining cats and dogs” ruwa ne kamar da bakin ƙwarya, babu abin da zai faɗo maka mai wutsiya. “Dog days” kwanakin tsananin zafi ne na Yuli zuwa Agusta. Girkawa da Rumawa sun lura cewa a lokacin ne tauraron da ya fi kowane haske da dare, wanda suke kira tauraron kare, yake fitowa tare da rana, sai suka ɗora masa laifin zafin. Shi ne Shi'ira da aka ambata a Suratun Najmi. In kana Kano ko Maraɗi, ka ajiye wannan magana sai bazara, domin in ka yi ta a Agusta marka za ta ƙaryata ka.

Shawara ta ƙarshe: Ka bar namu karnukan a gida

Duk abin da aka faɗa a sama yana aiki ta ɗaya ɓangaren. Mu ma harshenmu cike yake da karnukan da ba sa jure tafiya. Kada ka tsaya a taron biki ka yabi surukinka da cewa shi ne babban karen unguwa, wai kana fassara “top dog”, domin a ranar za a kwance auren. In kuma ka isa Landan, kada ka gabatar da ƙanenka da cewa karen mota ne a tashar Kano, ka ce yaron direba. Kada ka gaya wa maƙwabciyarka cewa ka sha kare jini biri jini kafin ka samu biza. Mafi hatsari duka, kada ka kuskura ka juya mata zuwa Turanci cewa wani gwamna a ƙasarku yana cin karensa babu babbaka. Mutanen nan tun 1824 suke da ƙungiyar hana zaluntar dabbobi, kuma maƙwabciyar taka ta haddace lambar wayarsu.