Injiniyan Dole

Bidiyon bai kai minti biyu ba, wani ne ya turo shi zauren WhatsApp na tsofaffin 'yan ajinmu. Wasu ƙarafa ne masu taya suke zarya a fili, ɗaya ya buga ƙwallo ƙasa ya cafe, ya miƙa wa ɗan'uwansa, shi kuma ya cilla ta cikin raga. A saman hoton an rubuta ABU Robocon 2025 da manyan baƙaƙe. Ni kuwa a harabar jami'ar ABU ta Kongo a Zariya na yi karatu, fannin mulki, kuma duk wanda ya sha ruwan Zariya ya san ABU ɗaya ce a duniya. Sauran rubutun ƙanana ne, tabarauna kuma yana ɗaki. Na zura takalmi na nufi majalisa.

A gefen teburin mai shayi muke zama bayan sallar isha'i. Na bari sai da aka cika, sannan na yi gyaran murya na sanar cewa jami'armu ta ƙera mutum-mutumi masu buga ƙwallon kwando. Waya ta zaga hannu-hannu. Tela, wanda ba ya barin magana ta wuce bai gwada ta da tef ba, ya ƙura ido ya ce, "To Malam, yaran nan masu riƙe da rimot, ban ga mai kama da Bazazzagi a cikinsu ba."

Na ce baƙi ne aka gayyato su zo su koya. Na kuma kawo hujja: Masai Ujiri a Zariya ya tashi, a can ya fara riƙe ƙwallon kwando, kuma shi ne shugaban ƙungiyar Toronto Raptors lokacin da ta ɗauki kofin NBA a 2019. Garin da ya fitar da irin wannan mutum, na ce, ko ƙarfensa zai iya jefa ƙwallo. Zancen Ujiri gaskiya ne, kuma ita ce kaɗai gaskiyar da ta fito daga bakina a daren.

Don in rufe bakin tela, sai na aika a kira ɗan ƙanwata, wanda ke karatun injiniya ya zo mana hutu. Ya durƙusa ya gaida mutane, ya karɓi wayar, ya duba. Yaro ne mai tarbiyya, ya so ya raɗa mini a kunne. Na ce a'a, ya ɗaga murya kowa ya ji.

"Kawu, wannan ABU ɗin ba ta Samaru ba ce."

Ashe ƙungiyar gidajen rediyo da talabijin ce ta ƙasashen Asiya da yankin Pasifik, ofishinta yana Kuala Lumpur a Malesiya. Tun 2002 take shirya wa ɗaliban jami'o'i wannan gasa, an fara a Tokiyo, kowace shekara kuma ƙasar da ta karɓi baƙunci ita ke zaɓen wasan da ƙarafan za su yi. Indunusiya ta sa su buga badminton a 2015, Biyetnam ta sa su shuka shinkafa da girbi a 2024. Ta 2025 a Ulanbato aka yi, babban birnin Mongoliya, a watan Agusta. Can tsakanin Rasha da Sin, ƙasar da dabbobinta suka ninka mutanenta sau da yawa, mutanen kuma ba su kama ƙafar jihar Kano a yawa ba.

Na yi ƙoƙarin kama reshe, na ce amma ai akwai 'yan Afirka a ciki. Yaron ya ce ƙwarai, Masar tana shiga, har ta karɓi gasar a Alƙahira a 2010, inda aka sa mutum-mutumi gina dala irin ta Fir'auna. Tela ya kurɓi shayi ya ce, "Daga Alƙahira zuwa Samaru nawa ne kuɗin mota?"

Mai hankali a nan zai yi dariya tare da jama'a ya tafi ya kwanta. Amma baki shi ke yanka wuya. Na ji kaina ina cewa, wai me ke cikin jefa ƙwallo a kwando da har za a tara duniya a kai? Ni nan, da ɗan abin da na sani, zan haɗa injin da zai yi. Kafin in haɗiye yawu an ƙulla yarjejeniya da shaidu: in ƙwallo ta shiga ko sau ɗaya, tela zai ɗinka mini babbar riga kyauta, in ba ta shiga ba, shayin majalisa na wannan dare, da burodi da ƙwai, a wuyana.

Washegari ɗan ƙanwata ya kawo zane. Tayu biyu ne da ke juyawa da gudu suna fuskantar juna, a tura ƙwallo tsakaninsu su matse ta su tofar. Akwai ƙaramar kwamfuta da za ta daidaita gudun, da wata na'ura mai ƙirga juyin taya, da kamara mai auna nisan raga. Ya ce da yawa daga cikin ɗaliban can irin wannan dabarar suke bi. A ƙasan zanen ya jera kaya da farashi. Nan fa karatuna ya yi rana, don a fanninmu ba abin da muka ƙware a kai kamar zaftare kasafi. Na soke kamara, tunda Allah ya ba ni ido. Na soke kwamfuta, tunda ina da kai. Na soke tayun gaba ɗaya na ce danƙo za mu yi, irin wanda muka harbi tsuntsu da shi muna yara, sai dai babba. Ya buɗe baki, na tuna masa abin da babba ya hango.

A wurin 'yan gwangwan na samo injin waifa na tsohuwar mota da batirin babur. Mai faci ya ba ni tsofaffin tub, mai walda ya haɗa mana ƙafafu da dogon hannu, a ƙarshen hannun muka ɗaure kwanon sha. Tsarin mai sauƙi ne: injin waifa ya naɗe igiya, igiya ta ja hannun baya, roba ta miƙe, ni kuma in ƙirga ɗaya, biyu, uku, in zare sakata. Yaron ya nemi a ƙara ƙarfe a gindi don nauyi. Na ce almubazzaranci ne.

A kwanakin gwaji na koyi abin da ban nema ba. Faɗin bakin raga kusan santimita 45 ne, ƙwallon kuma kusan 24, nauyinta wajen giram 600. A takarda sai ka ga akwai fili. Amma wannan filin na ƙwallon da ta faɗo daga sama ne. In ta zo a kwance, bakin ragar tsukewa yake yi a gabanta har ya zama ba mashiga. Dole ke nan ta hau ta yi baka ta sauko, kuma ɗan ƙarin ƙarfi ko ragi kaɗan a wurin harbi yakan zama taku guda a wurin sauka. Mu kuwa komai namu canzawa yake. Robar da ta yi tauri da safe, da rana ta buɗe sai ta saki. Batir yana raguwa, igiyar da yake naɗewa a ƙirga uku tana raguwa tare da shi. Ƙirgar tawa ma ba ɗaya ba ce, in ina cikin fushi sauri take. Duk abin da na soke a zanen yaron, ashe maganin ɗaya daga cikin waɗannan ne. Bai ce mini komai ba, sai dai ya riƙa rubutu a littafinsa, abin da ya fi zagi ciwo.

Raga kuwa, kwandon wankin uwargida na yanke wa gindi. Da ta kama ni da wuƙa a hannu, na yi mata bayanin cewa James Naismith, wanda ya ƙirƙiro wasan a Amurka a 1891, da kwandunan 'ya'yan itace ya fara. Ta ce, "Shi ya yanke musu gindi?" Na ce a'a, a farko hawa ake yi a ciro ƙwallon. Ta ce, "To ka ga shi ya san darajar kaya."

Daren alkawari unguwa ta fito, har da yaran makarantar allo da aka tasa. Aka ɗaure kwando a jikin falwaya, na rage tsawon daga mita 3.05 na ƙa'ida zuwa daidai inda hannun tela ke kaiwa, ba wanda ya yi gardama. Harbin farko ƙwallon ta zame daga kwano ta gangara baya ta tsaya a ƙafata. Wani harbin ya tashi miƙe sama, jama'a suka watse kowa hannu a ka, ta dawo ta tuge mini hula. Sai na fusata, na ninka robar, na ƙirga har biyar.

Injin da ba shi da nauyi a gindi ya yi tutsu kamar jakin da aka sa wa kaya da zafi, ya juya rabin jiki, ya saki. Ƙwallo ta hau, ta yi baka mai kyan gaske, irin wanda na kwana ina nema, ta sauko daidai tsakiyar kiret-kiret ɗin ƙwai da mai shayi ya jera a kan tebur.

Wurin ya yi tsit. Sai tela ya ce, "Maki nawa ake ba wannan a Mongoliya?"

Na biya shayi, na biya ƙwai, na sayi sabon kwando. Daga baya na sa tabarau na sake kallon bidiyon, yaron yana yi mini fashin baƙi. Kowace tawaga mutum-mutumi biyu gare ta, daƙiƙa 20 ake ba su su kai hari su harba, ga na abokan karawa sun tare gaba. Wanda ya yi tsalle ya dankara ƙwallo a raga maki 7 ne, kuma akwai waɗanda suka ƙera ƙarfen da ke tsallen. Wanda ya kuskure raga da ɗan yatsa, da na yi wa dariya a kallon farko, yanzu na san dare nawa ke bayan wannan kuskuren. Yaron ya ƙara nuna mini na kamfanin Toyota mai suna CUE, wanda ya jefa ƙwallo 2,020 a jere ba kuskure a 2019. Na ce ya isa, ya kashe wayar.

Yanzu daga bakin masallaci har wurin mai nama, Injiniya ake kirana, yara ma sun ɗauka sunana ne. Injin yana nan a soro an lulluɓe shi da buhu, batirinsa da sauran rai. Mai bukata ya zo ya taya, ba zan tsananta ba. Sharaɗi ɗaya ne, kuma mai shayi ne ya gindaya shi: kada mai sayen ya kasance ɗan unguwarmu.