Ire-iren Shugabannin Aiki a Wudil

Shugaban aiki shi ne wanda aka ɗora wa nauyin raba aiki, bin diddiginsa da sallamar waɗanda suka yi shi. Wudil ba ta rasa irinsa ba: ga kasuwar Kara ta ranar Juma'a da dillalanta, ga masu haƙar yashi a bakin kogi, ga jami'ar kimiyya da fasaha da aka buɗe a 2001, ga Kwalejin 'Yan Sanda, ga direbobin hanyar Kano zuwa Maiduguri. Gari mai wannan hada-hada yana tara shugabanni iri-iri.

Wanda aka fi cin karo da shi shi ne Mai Makulli. Makullin sito, hatimi, littafin rasit da lambar mai gyaran janareta duk suna aljihun babbar rigarsa. Yana da mataimaki, amma aikin mataimakin bai wuce cewa "Alhaji ya ɗan fita" ba. Ranar da ya tafi ɗaurin aure Gaya ko Garko, ma'aikata kan wuni a kan benci suna jiran a buɗe ƙofa, in ya dawo kuma kukansa na farko shi ne ba mai taya shi. Ko biro za a saya, sai ya taya da kansa. Maganin cutarsa sananne ne: a damƙa wa kowa aikinsa tare da ikon yanke shawara a kai. Shi ma ya sani, har yakan koya wa wasu.

Mai Kwamiti ba ya cewa a'a, kwamiti yake kafawa. Mai Taro kan kira zama ƙarfe tara, ya iso bayan Azahar, ya buɗe da jan kunne kan makara. Mai Shawara kuwa ya haddace ƙa'idojin shugabanci, yakan ma rubuta su a mujalla, alhali ko adashi bai taɓa riƙewa ba.

Wanda ba abin dariya a lamarinsa shi ne Mai Cin Gumi. In aiki ya yi kyau, "ni na yi", in ya ɓaci, "yaran nan ne." Lebura ya wuni yana loda yashi a tifa, sai Mai Cin Gumi ya ce masa "ka dawo gobe," ga kuɗin a aljihunsa tun safe. A ƙarƙashinsa gwanaye ne ke fara guduwa, waɗanda suka rage kuma su koyi ɓoye matsala har sai ta fi ƙarfin gyara.