Ga Mai Neman Kujerar Babban Injiniyan Mutum-mutumi a Gonar Sola

Injiniya, an ce ka ga tallar aiki daga wani kamfani a Amurka, suna neman babban injiniyan da zai koya wa mutum-mutumi gina gonar wutar sola. An ce har ka buga albashin da farashin dala, ka fara tunanin kalar fentin da za a yi wa gidan Hajiya. Allah ya tabbatar da alheri. Amma ajiye kalkuleta tukuna, mu yi maganar aikin.

Gonar sola mai megawat 100, in farantanta masu wat 550 ne, tana cin faranti wajen 180,000, kowanne nauyinsa kusan kilo 30. Kafin a ɗora ko ɗaya sai an kakkafa dubban turakan ƙarfe, kowanne a daidai gurbin da taswira ta nuna. 'Yan Adam ne ke wannan aikin a tsakiyar rana, sunkuya, ɗauka, miƙe, har baya ya ƙage, ga shi hannun ma'aikata ya yi ƙaranci. Wannan ciwon bayan ne ya haifi kujerar da kake nema. Kamfanin Built Robotics na San Faransisko, wanda aka kafa a 2016, ya fito da injin RPD 35 a 2023, mai kafa turaku da kansa. Kamfanin AES ya fito da Maximo a 2024, mai ɗaga faranti ya ɗora a mazauninsa, aka kai shi aikin Bellefield a Kalifoniya. Terabase kuwa ƙaramar masana'anta yake kafawa a tsakiyar fili, sunanta Terafab. Haddace wa ke da me. Ka yabi Maximo a gaban mutanen Built, daidai yake da ka je zance ka kira budurwa da sunan ƙawarta.

Yanzu koma ka karanta tallar. Za ka ga jerin gwano: C++, Python, ROS 2, kyamara, laida, haidirolik, shekaru kaza na gogewa. Kada gabanka ya faɗi, shi ma wanda ya rubuta jerin zai yi murna in ya samu mai rabinsa da kyau. Layin da ya kamata ka tsaya a kansa yana can ƙasa, da ƙananan haruffa: za a riƙa tafiya fili. Nan aikin yake. In burinka ofis mai sanyi da kujera mai juyawa, rufe shafin, ba a yi faɗa ba.

Sai sibi. Don Allah a bar makarantar firamare ta huta, haka ma gasar muhawarar da ka ci a aji uku. Galibi manhaja ce ke fara tace takardu kafin idon mutum ya gani, saboda haka in talla ta ce ROS 2, kai ma rubuta ROS 2, muddin ka iya shi da gaske. Shafi biyu sun isa. Kuma ka guji “ni mutum ne mai aiki tuƙuru”, ba a taɓa samun wanda ya rubuta cewa shi malalaci ne ba.

Abin da suke so su gani shi ne tabon aiki. Ƙaramin injiniya zai nuna maka inji yana tafiya sumul a gwajin kwamfuta. Babba shi ne wanda injinsa ya taɓa tsayawa cak a fili, mutum goma suna tsaye suna kallonsa, kuɗi na ƙonewa, ya gano dalili, ya gyara, ya kuma toshe hanyar da matsalar za ta dawo. To rubuta irin wannan. Wace na'ura ce ta makance, me ya makantar da ita, me ka yi? In kana da bidiyon injinka yana aiki a waje, cikin iska da rana, haɗa da shi, ko da hoton na rawa. Ya fi wanda aka ɗauka a ɗakin gwaji da kiɗa a ƙasa.

A nan kana da jarin da ba ka san darajarsa ba. Manyan gonakin nan a busassun wurare ake gina da yawansu, Arizona, Tekzas, hamadar Mohabi. A bazarar 2023 birnin Finiks ya yi kwana 31 a jere zafin ranarsa na kaiwa digiri 43 ko fiye. Zafi kan sa kwamfutar cikin inji ta rage gudu don kada ta ƙone. Ƙura kan rufe idon kyamara, ta toshe matatar iska, ta rikita laida. Shi kansa farantin gilashi ne, rana na dukansa yana ƙyalli, kyamara ta kasa gane gefensa. Kai da ka san abin da ƙurar hunturu ke yi wa fankar kwamfuta, ka san yadda batir ke galabaita a watan Afrilu, faɗi hakan da ƙarfin gwiwa. In kuwa ba ka taɓa taka gonar sola ba, nemi hanyar ganin ɗaya kafin ranar intabiyu. Akwai mai megawat 10 a Challawa ta Kano, wadda aka buɗe a Janairun 2023. Ka ga yadda ake ɗaure faranti da idonka.

Ranar intabiyu, lissafa agogo. Kalifoniya na bayan Najeriya da awa 8 ko 9, gwargwadon lokacin shekara, wato ƙarfe goman safensu na iya faɗowa daidai Magariba. Nemi a matsa lokacin tun da wuri, ba abin kunya ba ne. Cika batir, sayi data ta layi biyu, a lallashi yara da biskit. In janareta za ka tayar, kai shi nesa, don bai dace kana bayanin makamashi mai tsafta yana tari a bayanka ba.

Sannan kunya. Tarbiyya ce mai kyau, amma ka bar ta a bakin ƙofa na awa ɗaya. In an ce wa ya tsara abin, kada ka ce “to, mu dai mun ɗan taɓa”. Ba za su gane kawaici ba ne, za su rubuta cewa ka ɗan taɓa. Ce ni na tsara, wane ya gina, mu biyu muka gwada. Ba fariya a ciki tunda gaskiya ce.

Tambayoyin za su zo. Me ya sa GPS ɗin waya bai isa kafa turke ba? Domin kuskurensa mitoci ne, aikin kuma santimita yake nema, shi ya sa ake amfani da RTK mai gyara lissafi daga tasha a ƙasa. Yaya hannun inji zai kama faranti? A hankali, domin tsagewar da ido ba ya gani kan rage wutar da zai bayar shekara da shekaru. Wadda ta fi duka nauyi ita ce: lebura ya gitta gaban inji mai tan da yawa, me zai faru? In amsarka ba ta fara da tsayawar injin ba, sauran iliminka bai da amfani a wurinsu, ni ma da ni ke ɗaukar aikin ba zan ɗauke ka ba.

Maganar biza a yi ta tun farko. H-1B guda 85,000 ake bayarwa a shekara, masu nema sun ninka haka, kuma a Satumban 2025 gwamnatin Trump ta sanar da ƙarin dala 100,000 a kan sababbin buƙatu. Tambaye su kai tsaye ko suna ɗaukar nauyi. Duk wanda ya ce ka turo kuɗin fom kafin a ba ka aiki, ɗan damfara ne.

In suka ce kana da tambaya, kada ka ce babu. Tambaye su awa nawa injin ke yi kafin ya nemi hannun mutum, da wanda ake bugawa waya in ya tsaya da asuba. Ka kuma tambayi yadda leburorin fili suka karɓe shi, domin wasunsu na ganin abincinsu ya zo ci, kuma su ne za su fara jin ƙarar da ba ta dace ba tun kafin kwamfutarka ta nuna komai. In Allah ya ba ka kujerar, ranar farko sa hular kwano da takalmin ƙarfe, ka je ka gaishe su ɗaya bayan ɗaya, ka tambayi sunayensu.