Zuwa ga Taubashina Mai Jif: Ana Ga Giya Kana Ga Waifa

Taubashi, gaisuwa irin ta ubangida da bawansa. Ina gajiya, ina kuma turin mota? Labari ya iso mana Wurno cewa samarin Goronyo sun daina zuwa filin ƙwallo, a ƙofar gidanka suke motsa jiki kowace safiya. Allah ya saka maka da alheri, ka ɗauke wa ƙaramar hukuma nauyin wasanni. Sai dai ka tausaya musu ka gaya musu gaskiya: mota atomatik ba ta tashi da turi, ko da za su kai ta Sabon Birni a kafaɗa.

Duk dangi shaida ne ranar da ka shigo da jif ɗin nan ƙirar 2003, kana hon tun daga Achida. Ka ce 'yar Beljiyam ce, ka ce dillali ya rantse maka wata tsohuwa ce ke da ita a Amurka, kasuwa kawai take zuwa da ita ranar Asabar. Wannan tsohuwa, Allah ya ƙara mata lafiya, ita ce ta mallaki rabin motocin da ke Sakkwato. Kowa ya sayi rariya dai ya san za ta zubar da ruwa.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne ƙorafin da kake bin dangi da shi. Motar da idan ka sa ta a D sai ta yi shiru tana shawara, can ta yi wata zabura kamar jakin da aka tsikara, ita ce kake cewa babbar matsalarta waifar baya ba ta motsi. Ana ga yaƙi kana ga ƙura. Wai kunya kake ji a ga gilashin baya ya yi butu-butu. To wa kake son hangowa a baya, kai da kowa ke wuce ka, har mai amalanken albasa?

A Rabah ka fi ba mu kunya. Garin da ya haifi Sardauna Ahmadu Bello, mutumin da ya ja Arewa gaba, a nan jif ɗinka ta ƙi gaba sai ribas, inji na ta kururuwa taya ko gezau. Mu kuma nan Wurno, tun zamanin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya yi ribaɗi a garin nan kuma aka rufe shi a nan a 1837, mahaya ke tasowa daga Sakkwato su iso a yini guda. Kai da silinda shida sai ka kwana a hanya.

Tunda haƙƙin ubangida ne ya ilmantar da bawansa, buɗe kunne. Na ji har an yi maka kuɗin wata giyar 'yar Beljiyam, kana neman mai sayen shanunka. Dakata. Ka taɓa zaro sandar awon man giya? Ba ta baƙin mai ba, ɗayar, wadda ƙura ta binne. Ka bar inji ya yi zafi, ka tsaya a wuri mai daidai, ka taka birki ka zagaya da giyar kowane mataki, ka mayar P, sannan ka zaro sandar inji na aiki. Akwai motocin da ake aunawa bayan an kashe inji, littafin motar zai faɗa maka, in ba a ƙulle tsire da shi ba. Ka goga man a farin ƙyalle ka duba da kyau. In ja ne garau, da sauran rai. In ya yi baƙi yana warin ƙauri, faifan kulochin ciki sun fara ƙonewa. In kuwa ya yi fari-fari ya haɗe, ruwa ne ya shige shi daga lagireto, domin ta can bututun man ke bi ya huce. In man ya gaza layi, ga dalilin jinkirin da zamewar nan, sai a nemi inda yake zuba. Madatsar ruwan garinku tun 1984 take tsaye a kan Gulbin Rima tana riƙe da ruwan noman rani, giyarka ta kasa riƙe 'yan litoci na mako guda.

Na kuma san irin man da kake zuba mata: wanda ake aunawa a gorar ruwa a bakin titi, duk wanda ya yi ja ka ce shi ne. Kowace giya da irin manta, yawanci a rubuce yake a jikin sandar awon. A kwance farantin ƙasa, a canza matatar man, a dubi maganaɗisun da ke manne a ciki. Ɗan baƙin gari-gari a jikinsa ba komai ba ne, tsufa ne. In an ga ɓarɓashin ƙarfe yana ƙyalli, to a nan ne za ka fara sallama da shanu.

Sai wutar nan mai ruwan ɗorawa da ke kunne a gaban sitiyari, wadda ka liƙe da baƙin salatif don kada ta ɗaga maka hankali. Motocin da aka sayar a Amurka daga 1996 duk suna da soket mai baki 16 a ƙarƙashin sitiyari. Ka shiga Sakkwato a jona mata kwamfuta. In lambar da ta fito ta fara da P07, maganar giya ce, kuma sau da yawa ɗan sensa ne ko solinoyid ko wayar da ta ci wuta. Idan kwamfutar motar ta ga haka, sai ta kulle giyar a mataki guda don kada ta kashe kanta. Shi ya sa kake tafiyar hawainiya kana cewa sammu aka yi maka. Babu mai sammu sai kai: ka loda mata buhunan tafarnuwa da albasa har bayanta na shafar ƙasa, ka shiga yashin fadama a zafin Afrilu da ke haura digiri 40, ta kafe, ka dinga wurga ta daga D zuwa R kana taka totur. Zafi ne ajalin giya atomatik. In kuma ta tsaya, janwe za ka kira ya ɗauke ta, domin jan ta da igiya mai nisa inji a kashe yana cinye cikinta, famfon man ba ya juyawa.

To ga waifar taka, tunda ita ce abar ƙaunarka. Kunna makunnin, ka zagaya ka kara kunne a ƙofar but. In ka ji motar waifar tana gurnani hannu bai motsa ba, notin hannun ne ya saki ko haƙoransa sun cinye, ko kuma ƙurar hunturu da tsatsa sun riƙe sandar. In shiru ka ji, fara da fis, kuma ka sa mai lamba daidai da na da. Kada ka naɗa masa zaren waya irin yadda ka saba, gobara ba ta san taubasantaka ba. In fis lafiya yake, sa mai wayarin ya zare robar nan mai lanƙwasa da ke tsakanin jikin mota da ƙofar but. Shekara 20 ana buɗewa ana rufewa, a nan wayoyi suke karyewa. Wasu jif ɗin ma in gilashin baya bai datsu sosai ba, waifar ba za ta tashi ba. Sayen sabuwar motar waifa shi ne na ƙarshe. In ta tashi kuma, zuba ruwa a tankin fesawa, ka daina goge busasshiyar ƙura da robar da rana ta ƙona, karce gilashin kawai kake yi.

Wasa a gefe, ɗan gwaggo. Kowa ya san halin da hanyoyinmu na gabas suke ciki, tsakanin Rabah da Gandi ko bayan Goronyo ba wurin da mutum zai tsaya da yamma yana buɗe bonet ba ne. Gwaggo ba ta barci duk ranar da ka fita.

Kuɗin sharar bana ba za ka gan su a hannu ba, galan na man giya na asali da fis guda zan aiko maka. Ka auna mai, ka cire salatif, ka kai ta kwamfuta kafin ka taɓa saniya ko ɗaya. Waifa ta jira damina. Har sai an gama wannan, in za ka zo Wurno gaida ubangidanka, hau motar haya.