Alhaji Ya Riga Ya Faɗa

A duk inda ake bitar maniyyata akwai mutum guda wanda hukuma ba ta ɗauke shi aiki ba, ba kuma shi ne malamin bita ba, amma kujerar gaba tasa ce. Tsohon alhaji ke nan, wanda ya sauke farali tun zamanin jirgin Nigeria Airways, kamfanin da aka rufe a 2003. Ana gane shi da haƙorin Makka, da dogon carbi, da tsakin da yake ja duk sa'ad da wani ya ɗaga hannu.

Tambayoyin dai ba sa wuce nasu na kullum. Kilo nawa ne jaka? Ana tafiya da goro? A ina ake ɗaura harami? Tsakuwa nawa za a tsinta? Amsoshin ma gajeru ne. A shekarun baya babbar jaka kilo 32 ce, ta hannu 8. Goro a bar shi gida, Saudiyya ta hana. Wanda ya fara sauka Madina zai ɗaura a Zul-Hulaifa, wato Abyar Ali. Tsakuwa 49, ko 70 ga wanda zai ƙara kwana a Mina. Duka ba su cinye minti ɗaya ba. Amma Alhaji ya gwammace ya ɓata minti goma yana bayyana dalilin da ya sa ba zai amsa ba.

"Baba Alhaji, don Allah, maganar goron nan..."

"Kai yaro, ina kake makon jiya? An faɗa! Wancan makon ma an faɗa! Ku ba kwa saurare, sai latse-latsen waya."

Yaron nan fa magidanci ne mai 'ya'ya bakwai, ya sayar da shanu ya biya kujera, yau ne kuma zuwansa na farko. Zai koma ya zauna da kunya, gobe ya cusa goron a safa.

A ɓangaren mata ba a tsaki, murmushi ake yi, kuma ya fi ciwo. Hajiya za ta gyara mayafi ta ce, "Ayya ƙanwata, ba ki taɓa zuwa ba ko? Za ki gani." Ina ake sayen layin waya? Za ki gani. Yaya zafin Arfa? Za ki gani. Da wannan amsa ana shiga jirgi, da ba sai an yi bita ba.

Amma duk cikinsu babu mai zafin kai irin alhajin bara. Bara war haka shi ne ya tambaya, a gaban jama'a, ko ana samun tuwo a Makka, ya kuma sake tambaya bayan an tashi don ya tabbatar. Bana ya dawo da jallabiya da kalmomin Larabci uku, yana ce wa mai shayin unguwa "shukuran". Ka tambaye shi yadda ake canjin riyal, sai ya dube ka kamar ka taka masa shanya, ya ce, "Wai har yanzu akwai wanda bai san wannan ba?" Akwai, Alhaji. Najeriya ta samu kujeru 95,000 a 2024, kuma ba a haifi ko ɗaya daga cikin masu su a Mina ba.

Ni a ganina maniyyaci bai yi laifi ba. Wanda ya zuba sama da naira miliyan 8, kamar yadda aka biya a 2025, bai kuma taɓa hawa jirgin sama ba, tilas ya yi wa mutum biyar tambaya ɗaya, ya ji ko bakinsu zai zo ɗaya. Ba ya zuwa. Alhazai biyar sukan ba da amsa shida, domin na farkon yakan canja tasa idan ya ji ta abokin hamayyarsa.

Ga kuma abin da ba a son faɗa: ilimin Baba Alhaji ya kwana biyu. Har yanzu yana kwatanta wurin jifa da siririn ginshiƙi, alhali tun 2004 aka mayar da ginshiƙan dogayen bangaye, daga baya aka ɗora gada hawa-hawa. Da aka zo kan katin Nusuk, wanda aka wajabta riƙewa tun 2024, sai ya ce su a zamaninsu da tawakkali ake shiga, ba da kati ba. Jama'a suka ce haka ne.

Bana 'ya'yansa sun sake biya masa kujera. Da aka watse daga bita sai ya ja wani matashi bayan masallaci, ya waiga hagu da dama, ya rage murya.

"Ɗana, wannan katin, a nan ake bayarwa ko sai an sauka?"

"Ai an faɗa ɗazu, Baba."

"Na ji. Jarraba ka nake yi. Maimaita."