Kowa Jikan Mahayi, To Wa Ya Yanko wa Doki Ciyawa?

Ka zauna a kowace majalisa a Dutse bayan la'asar, ka jefa maganar asali, ka ga ikon Allah. Na kusa da butar shayi zai gyara zaman hula ya ce kakan kakansa da shi aka yi a rundunar Salihi da Musa, jagororin Fulanin da suka karɓi garin nan zamanin jihadin Shehu. Na gefensa kuwa, wanda tun azumi mai shayi ke bin sa bashi, Sharifi ne, salsalarsa ba ta yada zango ko'ina ba sai Madina. Shekara ashirin ina kasa kunne, ban taɓa cin karo da jikan wanda ke yanko wa dawakin nan ciyawa ba. Ko dai dawakin azumi suke yi, ko kuwa bawan Allahn bai haihu ba.

Shi ma asali yana da daminarsa. Da Babangida ya ƙirƙiro Jigawa a 1991, Dutse ta zama babban birni, sai ga waɗanda aka binne cibiyarsu a Fagge sun tuna kakarsu 'yar Kiyawa ce. Har gobe, da an ji ƙishin-ƙishin ɗaukar aiki, za ka ga mutum da babbar riga ya zo neman takardar indijin, yana tambayar ɗan acaɓa hanyar garinsu.

Wajen neman aure abin ya fi armashi. A tashi baffa ya je bincike. In a ƙasa saurayin ke zuwa zance, nan da nan za a tono cewa kakansa mahauci ne. In da mota yake zuwa, kakan nan dai ya zama babban dillalin shanu, mutumin kirki, Allah ya jiƙansa.

Ni ma ban sha ba. Na daɗe ina cika wa abokai baki cewa gidanmu daga Garu ya taso, jikin fada. Ranar sunan ɗana na durƙusa gaban Gwaggo, su suna bakin ƙofa suna ji, na ce, "Gwaggo, don Allah ki faɗa musu tsakaninmu da fada."

Ta gutsuri goro, ta dube ni. "Ƙwarai kuwa, ɗan nan. Kakanku ba ya fashin zuwa fada. Shi ke kai musu dabino a kan jaki, abin da ya rage ya wuce da shi kasuwar Shuwarin."

Na yunƙura zan tashi, ta riƙo hannun rigata ta ce jakin ma na aro ne.